Alawus Ya Maƙale, Oga Sai Zagi: Mu Fallasa Shi A Facebook?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Ni jami'i ne a wata hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta jiha, shekarata takwas ina shan rana a shataletale. Wata biyar ke nan rabonmu da alawus. Kakin da ke jikina, takalmi, har usur, da kuɗina na saya. Yaran da muka koya wa tsayar da mota an ƙara musu girma don suna da uwa a gindin murhu. Kwamandanmu kuwa, ka yi magana a wurin fareti ya ce wanda ya gaji ya tuɓe kaki, washegari ka ga an cilla ka ƙauye. Abokan aiki sun ce mu rubuta takarda ba suna mu watsa a Facebook. Me ka gani?

Wani jami'i, ta saƙon waya

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Na ji zafin da ke cikin saƙonka, amma takardar nan kada ka sa hannu a cikinta. Na yi shekaru ina riƙe da fayil-fayil a ofishin gwamnati, na san inda takarda marar suna take ƙarewa. Ba a binciken abin da ta faɗa, wanda ya rubuta ake nema. Kafin la'asar an kira mutum huɗu da ake zargi, kuma wanda ya saba ɗaga murya a fareti shi ne na farko. Ka san ko wane ne wannan.

Ba yau aka fara ba, har a gidan da ya fi naku girma. A watan Fabrairun 2002 ƙananan 'yan sandan Najeriya sun shiga yajin aiki kan haƙƙoƙinsu da ƙarin girma, abin da doka ta hana su, kuma bayan 'yan makonni Shugaba Obasanjo ya sauke Sufeto Janar Musiliu Smith. A Yulin 2018 'yan sandan kwantar da tarzoma suka tare hanya a Maiduguri suna harbi sama saboda alawus na watanni. Shugaban da ya bar yaransa da yunwa a bakin titi, shi ya tura su karɓar na goro, ko ya sani ko bai sani ba.

Yanzu raba kukanka gida biyu. Zagi ba ya barin shaida, kuma zai ce horo ne irin na masu kaki. Alawus da ƙarin girma kuwa suna da takarda, a nan za ka kama. Ɗauko takardar ɗaukarka aiki ka karanta da kyau: ma'aikacin dindindin ne kai ko na wucin gadi? Da yawa a hukumomin jihohi ba su san matsayinsu ba sai ranar da rigima ta tashi. Sannan ka rubuta koke da sunanka, shafi ɗaya tak: wata kaza zuwa wata kaza, naira kaza, ranar da aka yi maka ƙarin girma na ƙarshe. Ban da habaici, ban da "azzalumi". Ka bi da shi ta hannun na gaba da kai, ka sa magatakarda ya buga hatimi da kwanan wata a kan kwafinka. Kwafin nan ka kai gida, kada ka bar shi a durowar ofis. Abokanka ma kowa ya rubuta nasa. Koke ashirin masu hatimi sun fi ƙarfin a ce ba a gani ba.

In an yi shiru, akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a da aka kafa tun 1975, tana da ofis a kowace jiha, kuma ba a biyan ko kwabo. Sai dai za su tambaye ka ko ka fara bin matakan cikin gida, kuma dokarsu ba ta karɓar ƙorafin da ya wuce wata 12 da faruwa, don haka kada ka yi ta jiran gawon shanu. Majalisar dokokin jiharku ma, wadda ta yi dokar kafa hukumar taku, tana da kwamitin koke-koke. Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ita ce zangon ƙarshe, nan kuma gara ka nemi lauya.

Za a iya cilla ka ƙauyen duk da haka, ba zan ɓoye maka ba. Amma canjin wurin aiki da ya biyo bayan koke mai hatimi da kwana uku, shi kansa hujja ce a hannunka. Sake rubuto mini ka faɗa mini abin da takardar ɗaukar taka ta ce.