'Yancin Yawo ko Miƙaƙƙiyar Hanya: Wanne Ya Fi a Wasannin RPG?

Tambaya: Malam, na shafe watanni ina buga wasan bidiyo na Skyrim amma har yau ban kammala babban labarinsa ba, domin duk inda na nufa sai wani aiki ya ɗauke mini hankali. Abokina kuwa ya ce wasan da ke jan mutum a kan hanya ɗaya, irin Final Fantasy X, bai cancanci a kira shi RPG ba, wato wasan da mutum ke hawa matsayin wani jarumi a cikin labari. Shin yana da gaskiya?

Amsa: Abokinka ya haɗa abubuwa biyu da ya kamata a raba su, wato 'yancin zuwa duk inda mutum ya ga dama, da kuma 'yancin yanke hukuncin da zai sauya duniyar wasan. Ba kullum suke tafiya tare ba.

Skyrim, wanda kamfanin Bethesda ya fitar a 2011, ya cika na farkon, amma a na biyun yana da rauni. Akwai mutanen da labarin ya rataya a wuyansu, waɗanda ko ka sare su sai dai su durƙusa, jim kaɗan su miƙe kamar ba a yi komai ba. Dalilin kuwa a fili yake: tunda masu tsara wasan ba su san ta inda za ka ɓullo ba, dole su kare ginshiƙan labarin daga hannunka. Wannan matsalar ce ta sa a wasan Oblivion na 2006, wanda shi ma na Bethesda ne, aka ɗaure ƙarfin abokan gaba da matakin ɗan wasa, har ta kai 'yan fashin daji na yawo da sulken da ya fi ƙarfin aljihunsu. Ga kuma abin da ya same ka: labari yana cewa duniya na gab da halaka, kai kuwa kana can kana tsinko furanni, kuma babu abin da zai faru.

Wasa mai miƙaƙƙiyar hanya yana ƙwace maka yawo, sannan ya biya ka da tsari. Marubutan Final Fantasy X na 2001 sun san abin da ka riga ka gani kafin kowane babi, saboda haka suna iya ɓoye sirri su tona shi daidai lokacin da zai girgiza ka. Sai dai idan aka wuce gona da iri abin yakan gundura, kamar yadda aka soki Final Fantasy XIII da cewa sai a babi na 11 yake sakin mara.

A ganina, wanda ya fi kusa da haɗa biyun shi ne Fallout: New Vegas na 2010. Kusan kowa za ka iya kashe shi a cikinsa, ɓangarorin da ke rikici suna tuna abin da ka yi musu, kuma ko ka ɓata da kowa akwai hanyar da aka bar maka ta kai wa ƙarshe. Taswirarsa ma tana da wayo, domin ba ta kafa maka katanga a gajeriyar hanyar zuwa birnin New Vegas, sai dai ta zuba mugayen halittu a kanta, ka zaɓi zagaye da kanka.

Game da Skyrim ɗinka, idan kana son ganin ƙarshensa, kashe alamun sauran ayyuka a jerinka, ka bar ta babban labarin kaɗai.