Shin I'itimad ce ta karya arzikin Sarkin Ishbiliya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Kasuwar maigidana ta karye bayan aurenmu, danginsa na cewa farar ƙafa gare ni. Na kuma ji wani wa'azi a waya ana cewa haka wata I'itimad ta tsiyata sarkin Andalus. Gaskiya ne? Ko barci ba na iya yi.

Amsa: Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, ki kwantar da hankalinki.

I'itimad Rumaikiyya baiwa ce, Mu'utamid ɗan Abbad, sarkin Ishbiliya (Seville) a Andalus, wato Sifen ta zamanin mulkin Musulmi, ya saye ta ya aure ta. Ta sha daula, kuma ta ƙare cikin talauci. A 1091 Murabiɗun, masu mulkin Maroko a lokacin, suka ci Ishbiliya, aka kwashe iyalin zuwa Agmat kusa da Marrakesh. Can 'ya'yanta mata suka koma kaɗi ana biyansu, suna zuwa gaida ubansu ranar Sallah cikin tsumma, babu ko takalmi. Can ta rasu, shi ma ya bi ta a 1095.

Amma abin da ya ka da su ba a ɗakinta yake ba. Sarakunan Andalus a rarrabe suke, suna biyan Alfonso na Shida, sarkin Kirista na arewacin Sifen, haraji, har ya ci Toledo a 1085. Suka nemi agajin Yusuf ɗan Tashfin, shugaban Murabiɗun, ya taya su nasara a Zallaƙa a 1086, daga baya ya dawo yana tuɓe su ɗaya bayan ɗaya. Abdullahi, sarkin Garnaɗa, an tuɓe shi a 1090, shi ma Agmat aka kai shi. Wace I'itimad ce a gidansa?

Wannan magana ta farar ƙafa ta ishe ni. Lokacin da Mu'utamid ya haɗe birnin Ƙurɗuba da ƙasarsa, matar nan tana ɗakinta, ba wanda ya yaba ƙafarta. Sai da abu ya lalace aka tuna da ita. Masu wa'azin suna son labarin taɓon almiski da kafur da aka ce an kwaɓa mata a tsakar fada don ta taka. To ko da ya faru, baitulmali a hannun wa yake? Wa ya ba da umarnin? Da irin wannan camfi ake sakin mata babu laifin tsaye babu na zaune, bokaye da 'yan tsibbu kuma suna karɓe ɗan abin da ya rage da sunan wankin ƙafa.

Kada ki ba kowa ko kwabo. Ki roƙi maigida ku zauna da wanda ya san kasuwar, a duba bashin da ya bayar, da wanda ya ci, da yadda farashin kaya ya juya masa.