Kafin ka kama gida a Katy ko Sugar Land

Ƙanena, saƙonka ya iso tare da hotunan gidajen da ka tsinto a intanet. Na fahimci cewa tunda Jami'ar Houston ta ba ka gurbin karatun digiri na uku, kai da maiɗakinka kun riga kun taƙaita zaɓinku tsakanin Katy da Sugar Land, garuruwa biyu da ke gefen birnin Houston a jihar Texas ta Amurka, kuna jira ne kawai in ce muku wannan ko waccan. Ina taya ka murna, domin na san irin wahalar da ka sha kafin gurbin ya samu. Sai dai wannan tambaya ita ce kusan duk mai shirin tahowa daga gida yake aiko mini, kuma kowa da hoton gida mai ciyawa a ƙofa yake zuwa, har yau babu wanda ya fara da tambayar inda ruwa yake bi idan damina ta yi ƙarfi, ko yadda iyalinsa za su yini idan ya fita.

Da ruwan zan fara, domin shi ne abin da hoto ba ya nunawa. Houston da garuruwan da ke kewaye da ita shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce mai laka wadda ba ta shan ruwa da sauri. A ƙarshen watan Agustan 2017 guguwar Harvey ta tsaya a kan yankin, ta zubar da ruwan da a wasu wurare ya haura mita ɗaya cikin 'yan kwanaki, wato fiye da abin da Kano take samu a damina guda a yawancin shekaru. A yammacin birnin akwai madatsun ruwa biyu, Addicks da Barker, waɗanda sashen injiniyoyin sojan Amurka ya gina a shekarun 1940 don kare tsakiyar gari. Mafi yawan lokaci a bushe suke, har filayen wasa da wuraren shaƙatawa ne a cikinsu, shi ya sa aka yi ta gina rukunin gidaje a bakinsu, wasu ma a cikin filin da aka san ruwa zai mamaye idan madatsun suka cika. Da suka cika kuwa, ruwa ya shiga dubban gidaje a ɓangaren Katy, kuma da yawa daga cikin masu gidajen ba su taɓa sanin a gefen tafki suke kwana ba. Sai a watan Disambar 2019 wata kotun tarayya ta yanke hukuncin cewa alhakin biyansu diyya yana wuyan gwamnati. A ɓangaren Sugar Land kuma kogin Brazos ne ya tumbatsa, aka umarci mutanen wasu unguwanni da ke bayan ganuwar tare ruwa su tashi.

Bayan ruwan ya janye na je taya wani ɗan uwa Musulmi kwashe kaya. Mun yanke bangon ɗakunansa daga ƙasa har zuwa ƙugu saboda ya jiƙe ya fara funfuna, muka jibge katifu da dardumai da littattafan yara a bakin titi, kuma layin gaba ɗaya haka yake, kowace ƙofa da tulin kayanta. Mutumin ba shi da inshorar ambaliya, domin inshorar gida ta yau da kullum ba ta biyan ɓarnar ambaliya, daban ake saye, kuma ta gwamnatin tarayya galibi sai ta yi kwana 30 kafin ta fara aiki. Tun daga farkon 2022 dokar jihar Texas ta wajabta wa mai ba da haya ya sanar da mai kamawa a rubuce idan ya san gidan yana yankin da ambaliya ke yawan shafa, ko ruwa ya taɓa shigarsa cikin shekaru biyar da suka wuce. Ka nemi wannan takarda ka karanta ta, ka duba adireshin a taswirar ambaliya ta FEMA, hukumar agajin gaggawa ta gwamnatin tarayya, sannan ka tsayar da wanda ya daɗe a layin ka tambaye shi iya inda ruwa ya kai a 2017. A gidan bene kuma ka guji ɗakunan ƙasa ko da sun fi araha. Shi wannan maƙwabcin za ka tambaya tsawon lokacin da suka yi babu wuta a sanyin Fabrairun 2021, da kuma bayan guguwar Beryl a Yulin 2024, lokacin da gidaje da shaguna fiye da miliyan biyu suka rasa lantarki ana tsakiyar zafi.

Sai maganar nisa. Katy tana kusan kilomita 50 yamma da tsakiyar Houston, Sugar Land kuma kimanin kilomita 30 kudu maso yamma, ita kuwa babbar harabar jami'arka tana kudu maso gabas da tsakiyar gari. Idan ka zauna a Katy kenan kullum sai ka keta birnin da safe ka sake keta shi da yamma, a kan titin da duk faɗinsa cunkoso ba ya barinsa a lokacin fita da tashi daga aiki. Hanyoyin da suka fi sauƙi irin su Westpark da Grand Parkway na biyan kuɗi ne, na'ura ce take cira daga asusunka duk wucewa. Akwai bas masu ɗaukar ma'aikata zuwa cikin gari a ranakun aiki, amma sai ka tuƙa mota zuwa tasharsu, kuma a cikin unguwannin kansu babu ɗan sahu, babu mai shago a kusurwa. Burodi ma sai an tayar da mota. Inshorar mota tilas ce, kuma wanda ba shi da tarihin tuƙi a ƙasar nan ya fi kowa biya. Ka lissafa wannan duka a kan ɗan alawus ɗin da jami'a za ta ba ka, kana tuna cewa bizar ɗalibi ta F-1 awa 20 kawai ta yarje maka ka yi aiki a mako lokacin karatu, shi ma a cikin makaranta.

Abin da ya fi damuna a shirinka shi ne maiɗakinka. Za ta shigo ne da bizar F-2, wadda ba ta ba ta damar yin aiki ba ko kaɗan. Kai za ka fita da motar da asuba, yara su tafi makaranta, ita kuma ta rage a gida cikin unguwar da maƙwabci yake danna maɓalli ƙofar garejinsa ta buɗe, ya shige da mota, ta rufe, ba ka ga fuskarsa ba balle ku gaisa. Ba ta jin kiran salla, babu mai sallama a ƙofa, babu yarinyar maƙwabta da za ta leƙo aron wani abu, kuma daga Yuni zuwa Satumba zafi mai gumi ba ya barin mutum ya yi tafiyar ƙasa da rana. Maman yara ta ɗanɗani wannan a farkon zamanmu, mace mai son jama'a wadda gidansu ba ya rabo da baƙi, na riƙa dawowa ina samunta ta yini ba ta yi magana da kowa ba sai ta waya. Babu abin da ya yi mini ciwo a ƙasar nan kamar wannan, kuma 'yan uwa a gida da suke ganin hotonmu a gaban gida mai kyau ba su taɓa tambayar yadda take ba, sai dai su tambayi abin da za a aiko. Saboda haka a wurina kusanci da masallaci da jama'a yana gaba da yawan ɗakuna. Musulmi suna da ƙarfi a yankin nan. Ƙungiyar Musulmin Houston da kewaye, wadda aka kafa a 1969, tana da masallatai da dama, akwai cibiyar Maryam a Sugar Land, akwai kuma cibiyar da'awa da Hakeem Olajuwon, tsohon ɗan wasan ƙwallon kwando ɗan asalin Najeriya, ya kafa a wani tsohon ginin banki a tsakiyar gari. Shagunan kayan abincin Afirka da naman halal sun fi yawa a kudu maso yammacin birnin, wajen Alief da titin Bissonnet da Hillcroft. 'Yan Najeriya suna da yawa ƙwarai, amma mafi yawansu Yarabawa da Inyamurai ne, Hausawa ba mu da yawa kuma a warwatse muke.

Ka ce makarantun Katy ne suka ja hankalinka, kuma gaskiya ne suna da suna. Abin da ba ka sani ba shi ne sunan gari a kan adireshi ba ya tabbatar da komai. Garin Katy na asali ƙarami ne, amma gidan waya yana liƙa sunan a kan yanki mai faɗi da ya ratsa gundumomin Harris da Fort Bend da Waller, kuma wani gidan mai adireshin Katy yana ƙarƙashin wata hukumar makarantu ce daban. Lambar gida da sunan layi su ne suke yanke makarantar da ɗanka zai shiga, har ya kasance layi biyu masu fuskantar juna yaransu ba makaranta ɗaya suke zuwa ba. Ka sa cikakken adireshin a shafin hukumar makarantun da kanka, kada ka dogara da bakin dillali.

Batun haraji ba zan tsawaita ba tunda haya za ka fara. Texas ba ta karɓar harajin albashi na jiha, tana fanshewa ne a harajin gidaje, kuma a sababbin unguwanni akwai ƙarin harajin hukumar ruwa da magudanai da ake kira MUD, har jimillar takan haura kashi 3 cikin 100 na darajar gida a shekara. Gidan dala 300,000 kenan zai iya cin kusan dala 9,000, ban da kuɗin ƙungiyar masu gidajen unguwa, wadda take aiko takardar gargaɗi idan ciyawarka ta yi tsawo. Mai gida ba ya biyan waɗannan daga aljihunsa, a kuɗin hayarka yake zuba su.

A wajen kama hayar ma za a gwada haƙurinka. Yawancin masu ba da haya suna so kuɗin shigarka ya ninka haya sau uku, kuma da yake ba ka da tarihin biyan bashi a nan, za su nemi ƙarin kuɗin ajiya ko wanda zai tsaya maka. Yarjejeniyar galibi ta shekara guda ce, fita kafin lokaci kuma asara ce babba. Wani mai gida ya taɓa riƙe mini kuɗin ajiya a kan tabon da na tarar a ɗakin tun ranar shigata, ya yi mini magana kamar wanda bai san haƙƙinsa ba saboda ya ji harshena. Hotunan da na ɗauka ranar da na karɓi mabuɗi da kuma dokar da ta ba shi kwana 30 ya mayar da kuɗin ko ya rubuto dalilin cirewa su suka ƙwato mini haƙƙina. Gidan da muke ciki yanzu na saye shi ne bayan shekaru na aikin dare da karatun rana, babu wanda ya ba ni ko sisi, kuma sai da na zagaya layin da rana, na dawo da dare, na sake dawowa bayan ruwan sama mai ƙarfi kafin na sa hannu.

Shawarata ita ce kada ka aika wa kowa kuɗin gida daga Najeriya, domin masu damfara da hotunan gidajen da ba nasu ba suna nan da yawa. Ku sauka a wurina, ɗakin baƙi yana nan. Daga nan mu nemi ɗaki biyu da falo a bene na sama, a wurin da bas ko jirgin ƙasa na cikin gari zai kai ka jami'a, kuma maiɗakinka za ta iya isa masallaci da kasuwa ba tare da ta jira dawowarka ba. Idan shekara ta zagayo, ta sami lasisin tuƙi, kun ga damina da zafin wurin da idonku, to a lokacin Sugar Land ko maƙwabtanta Missouri City da Stafford sun fi dacewa da kai fiye da Katy saboda kusancinsu da jami'a da jama'armu. Ka taho da katin rigakafin yara da takardun haihuwarsu da sakamakon makarantarsu, domin za a nema ranar rajista, kuma ka sanar da ni ranar saukarku da zarar biza ta fito. Ka gaishe mini da Hajiya da sauran mutanen gida.