Zuciyarsa Ta Tsaya Aka Farfaɗo Da Ita: Yaushe Ya Halatta A Cire Masa Na'ura?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Mahaifinmu ya yanke jiki ya faɗi, zuciyarsa ta tsaya, likitoci suka yi ta danna masa ƙirji har ta dawo bugawa. Yau kwana biyu na'ura ce ke yi masa numfashi, bai farka ba, an ce ƙodarsa ma ta taɓu. Baffanmu ya ce duk wanda zuciyarsa ta tsaya ya riga ya cika, a cire na'urar a yi masa sutura. Ƙanena kuma ya karanta cewa a Amurka an farfaɗo da gaɓoɓin aladu bayan sun mutu, ya ce kada a taɓa cirewa. Wanne za mu bi?

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Allah ya ba mahaifinku lafiya, ya saka muku da ladan jinya.

Ɗana, mahaifinku rayayye ne a shari'a, kuma bai halatta a cire masa na'ura a yau ba. Ka gaya wa Baffa wannan cikin ladabi, domin tausayin ɗan'uwansa ne ya sa shi faɗin abin da ya faɗa. Rayuwar mutum yaƙini ce, kuma ƙa'idar malamai ita ce kokwanto ba ya gusar da yaƙini. Zuciyar da ta tsaya ta dawo, dawowarta shaida ce cewa ajali bai yi ba, don Allah ya ce idan ajalinsu ya zo ba a jinkirta musu ko da sa'a guda (A'araf: 34). Malamanmu na Malikiyya sun san haka tun kafin a ƙera na'ura. A Mukhtasar, Shaihu Khalil ya so a gaggauta shirya mamaci amma ya ware wanda ruwa ya ci, masu sharhi suka haɗa da wanda tsawa ta faɗa wa da wanda gini ya rufta wa: a dakata har mutuwarsu ta tabbata.

Binciken likitoci ya zo daidai da wannan dakatawar. Idan jini ya daina zagayawa, ƙwaƙwalwa ce ke fara jigata, cikin minti 4 zuwa 6. Zuciyar da aka farfaɗo takan yi rauni, amma galibi ƙarfinta na dawowa cikin kwana biyu ko uku, ƙoda ma sau da yawa tana murmurewa ko da sai an yi wankin ƙoda na ɗan lokaci. Ƙwaƙwalwa ce mai wuyar sha'ani, shi ya sa ƙa'idojin likitocin Turai na 2021 suka ce kada a yanke hukunci kan makomarta sai an cika aƙalla awa 72 bayan dawowar bugun zuciya. Akwai abin da ya shafi mahaifinku kai tsaye: idan ƙoda ta taɓu, maganin barcin da aka yi wa majinyaci yakan daɗe bai fita daga jini ba, sai a ga mutum shiru a zaci ƙwaƙwalwarsa ce ta mutu. Don haka likita zai haska tocila a ƙwayar ido ya ga ko za ta tsuke, ya taɓa idon da auduga ya ga ko zai ƙifta, a auna wutar ƙwaƙwalwa, a ɗauki hotonta. Alama ɗaya ba ta isa ba. Ku tambaye su a fili: an yi waɗannan, kuma maganin ya gama fita?

Maganar ƙanenka gaskiya ce, amma ya ɗora mata kayan da ba za ta iya ɗauka ba. A 2022 masu bincike a Jami'ar Yale sun zuba wani ruwa na musamman a jijiyoyin aladu awa ɗaya bayan zuciyarsu ta tsaya, suka ga ƙwayoyin hanta da ƙoda da zuciya sun dawo da wani ɓangare na aikinsu. Babu alade ko ɗaya da ya tashi, ba a kuma ga alamar hayyaci a ƙwaƙwalwarsu ba. Abin da ya nuna shi ne gaɓoɓi ba sa lalacewa lokaci guda. Ruhi kuwa al'amarin Ubangiji ne (Isra'i: 85), ba a gina hukunci a kan fatan da ba a gwada shi a kan ɗan Adam ba.

Idan kwanakin suka wuce, hali biyu ne. In da alamar murmurewa, ci gaba da magani wajibi ne gwargwadon iko. Annabi (SAW) ya ce ku yi magani, bayin Allah. Na san kuɗin ɗakin kulawa ta musamman na karya gida, to ku nemi dangi da jama'ar masallaci, wannan ba abin kunya ba ne. In kuwa ƙwararru suka tabbatar ƙwaƙwalwa ta daina aiki gaba ɗaya, ba dawowa, cire na'ura ya halatta, kuma ba kisa ba ne. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta zartar da haka a Amman a 1986, har ta ɗauki wannan hali a matsayin mutuwa. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa (Ƙungiyar Musulmin Duniya) a Makka, a 1987, ta yarda da cirewar bisa shaidar ƙwararrun likitoci uku, amma ta ce ba a hukunta mutuwa sai zuciya da numfashi sun tsaya bayan an cire. Wannan na biyun nake rinjayarwa, don ya fi kiyaye alfarmar rai. Saboda haka takabar mahaifiyarku da rabon gado ba su farawa sai daga lokacin da zuciya ta yi tsayawar ƙarshe.

Kafin nan ku riƙa shiga wurinsa kuna yi masa addu'a, kada ku yi gardamar cire na'ura a gabansa.

Wallahu a'alam.