Shayin rage ƙiba, bel ɗin ɗaure ciki da mai shayarwa: amsoshin tambayoyinku

Tambaya: Wata biyu ke nan da haihuwata, kuma na ɗara nauyina na kafin ciki da kilo tara. Ina ganin tallar shayin rage tumbi a Instagram, masu sayarwa suna cewa ganye ne zalla, ba ya taɓa nono. In saya? Mai jego daga Kano.

Amsa: Allah ya raya, 'yar'uwa. Ki riƙe kuɗinki. Da yawa daga irin wannan shayi ganyen filasko ne ginshiƙinsu, shi ne ake rubutawa senna a jikin kwali, aikinsa kuwa sa gudawa. Kilo ɗaya ko biyun da za ki ga sun zube a makon farko ruwa ne da bayan gida, kitsen yana nan daram. In kika ɗore da shan sa, jiki zai riƙa asarar ruwa da sinadarin fotasiyam, sai jiri da kasala da faɗuwar gaba, daga baya hanji ya saba, bayan gida ya ƙi zuwa sai an sha. Mace mai shayarwa, wadda kusan kashi 87 cikin ɗari na nononta ruwa ne, ba ta da rarar ruwan da za ta zubar a banɗaki.

Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne wanda ba a rubuta ba. Akwai maganin rage ƙiba mai suna sibutramine, wanda aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki, amma har yau hukumomin magunguna suna gano shi a ɓoye cikin shayi da ƙwayoyin da ake tallatawa da sunan ganye. Alamarsa bushewar baki, rashin barci da bugawar zuciya da sauri. Kayan da ba shi da lambar NAFDAC ba wanda ya duba abin da ke cikinsa. Mai lambar ma, ba shaida ba ce cewa yana narkar da kitse ko ya dace da mai shayarwa.

Koren shayi na kanti kofi ɗaya ko biyu ba laifi, sai dai ba zai rage miki komai ba. Ki lura da kafeyin, kada ya wuce miligiram 200 zuwa 300 a rana, kuma a lissafin ki sa goro da Nescafe da lemon kola. In ya yi yawa, jariri ne zai hana ki barci.

Tambaya: Uwar mijina ta ce in na rage ci nono zai ƙafe. Kullum kunun kanwa ne da kunun gyada mai sukari da lemon malt. Me zan rage ba tare da na cuci yaro ba? Daga Maraɗi.

Amsa: Hajiya tana da gaskiya ta wani ɓangare. Yunwa mai tsanani tana rage nono, kuma kafin arba'in ba lokacin rage ci ba ne. Ki bari sati shida zuwa takwas su wuce, jiki ya warware, nono ya kafu. Bayan nan abin da ake nema rabin kilo ne a mako, wato kilo biyu a wata. Yin nono kaɗai yana cin kusan kalori 500 a rana (kalori shi ne ma'aunin kuzarin da abinci ke ba jiki), wani ɓangare daga kitsen da jiki ya tara lokacin ciki, don haka aikin ya riga ya fara ko ba ki yi komai ba. Kada abincinki na yini ya gaza kalori 1,800. Tsallake karin kumallo ko yanke tuwo da shinkafa gaba ɗaya ba na mai shayarwa ba ne.

Ƙibar jego a kofi take shiga fiye da a kwano. Ƙaramin cokalin sukari kalori 16 ne, wanda ba komai ba ne sai an zuba huɗu a kunu sau uku a rana. Robar lemon kwalba mai rabin lita tana ɗauke da kusan cokali 13. Lemon malt, da ake kawo wa mai jego katan-katan ranar suna, sukari ne shi ma, kuma ba shi ke kawo nono ba. Babban cokalin mai, na gyada ne ko manja, kusan kalori 120 ne. Wadda ta bar lemo, ta mai da sukarin kunu cokali ɗaya, ta rage cokali biyu na mai daga rabonta, ta riga ta sami ragin da take buƙata ba tare da ta taɓa tuwonta ba.

A kwano kuma, malmala ɗaya da miya mai yawan ganye ta fi malmala biyu da miya kaɗan. Ki yawaita zogale da alayyafo da rama da kabeji, kuma kowane ci ya zo da wake ko ƙwai ko kifi ko nama ko kindirmo, don su ne ke riƙe ciki. Alale ya fi ƙosai, awarar da aka jefa a miya ta fi soyayya. Fura da nono ba sukari abinci ne mai kyau. Kunun gyada ma haka, amma kofi ɗaya, domin gyada mai ce. In an rubuta miki maganin ƙarin jini, ki ƙarasa shi.

Kunun kanwa ne za mu ce ki nemi hanyar rabuwa da shi cikin ladabi, ko da maigida ne zai isar da saƙon. Kanwa cike take da sinadarin sodiyam irin na gishiri, tana sa jiki riƙe ruwa, tana ɗaga hawan jini. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka yi rubutu kan ciwon zuciyar masu jego, suna danganta shi da yawan shan kanwa da zafin wankan jego. Mai jegon da ƙafafunta suka kumbura, take haki, ko ba ta iya kwanciya sai ta tara filo, asibiti za ta je a ranar, wannan nauyin ba ƙiba ba ne.

Abin da ke kawo nono shi ne yawan tsotso, sau takwas zuwa goma sha biyu a yini da dare. Ki ajiye kofin ruwa kusa duk lokacin da za ki shayar. Alƙalin tsarin kuwa katin awon yaro ne: yana fitsari aƙalla sau shida a rana, kuma a watanni ukun farko yana ƙara kusan giram 150 zuwa 200 a mako. In layin katin ya miƙe ya daina hawa, ki ƙara ci, ki nuna wa ma'aikaciyar awo.

Tambaya: An yi mini tiyata wata uku da suka wuce, cikina bai koma ba. Wane bel zan saya, mai ƙarafa ko na roba? Daga Kumasi.

Amsa: Ba bel ɗin da ke ƙona kitse, zufan da yake sa ki ruwa ne. Mai laushi irin na asibiti yana taimaka wa wasu rage zafin ɗinki a makonnin farko, yanzu kin wuce wurin. Mai ƙarafan da ake tamkewa kuwa yana tura kayan ciki ƙasa kan naman ƙugu da haihuwa ta sassauta, abin da ke iya jawo ɗigar fitsari in an yi tari ko dariya.

Sau da yawa tumbin bayan haihuwa rabuwar naman ciki ce. Ki kwanta rigingine, ki lanƙwasa gwiwa, ki ɗaga kai kaɗan, ki danna yatsu saman cibiya. In ramin ya ɗauki fiye da yatsu biyu, ki guji motsa jikin da ake kwanciya ana tashi zaune, ki nemi likitan gashin ƙashi ya koya miki wanda ya dace. Idan likitanki ya ba da izini, ki fara tafiya da sauri minti goma, ki kai ta talatin, kwana biyar a mako, ko da a tsakar gida ne. Ki shayar kafin ki fara. Motsa jiki ba ya ɓata nono. Kuɗin bel ɗin ki sayi takalmi mai daɗin tafiya da rigar nono mai riƙewa.

Tambaya: Allurar Ozempic da ake cewa tana rage ƙiba fa? Wata ƙawata ta ce za ta samo mini. Daga Kaduna.

Amsa: A'a. Maganin ciwon sukari ne da likita ke rubutawa, ba a ba da shawarar sa ga mai shayarwa, kuma a 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabunsa. In kina kiyaye ci kina tafiya amma nauyi sai ƙaruwa yake, ki je a auna miki sinadarin maƙoshi, wato thyroid, don yakan rikice bayan haihuwa, kuma ki gaya wa likita idan kina allurar tazarar haihuwa ta wata uku, wadda kan ƙara wa wasu mata nauyi.