Faifai zan riƙa saye ko in riƙa sauke wasa ta intanet?

Tambaya: Ina tara kuɗin sayen PS5, na'urar wasan PlayStation 5 ta kamfanin Sony, sai na ga iri biyu ne, mai wurin sa faifai da marar shi, kuma marar shi ya fi sauƙi. Abokaina sun ce zamanin faifai ya wuce. Ku da kuka daɗe a harkar gem, wanne ya fi? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Ƙanena, ka ƙara haƙuri ka cika kuɗin ka ɗauki mai faifai. Lokacin da PS5 ta fito a Nuwamban 2020, mai faifai dala 499 ce, marar faifai 399. Wannan dala ɗari da ka ga kamar ka tsira da ita, za ka biya ta ninki-ba-ninki daga baya, domin marar faifai kasuwa ɗaya tak ta bar maka, wato shagon PlayStation na intanet, kuma farashin da Sony ta yanka shi za ka biya. Babu ciniki, babu na hannu, babu aro wurin aboki.

Tun zamanin Sega da PS1 nake wannan harka, kuma abin da ya sa kuɗinmu ke auki shi ne musaya. Ka gama wasa, ka kai shi shago, mai shago ya juya bayan faifan a haske ya duba ko ya karce, ka ɗora wani abu kaɗan ya miƙo maka wani. Wasan labari da mutum zai ƙare cikin mako biyu ko uku, irin su God of War ko Spider-Man, me zai sa ka binne dala 70 a kansa har abada? In faifai ne, wani kaso na kuɗinka zai dawo. In saukewa ka yi, ya manne a asusunka ke nan, ba ka da ikon sayarwa ko kyautarwa. Ko mayar da kuɗi ma, ƙa'idar Sony ita ce cikin kwana 14, kuma muddin ba ka fara saukewa ba.

Abin da ya fi damuna shi ne mutane da yawa ba su san me suke saye ba. Wasan da ka sauke izinin amfani ne kawai aka sayar maka, kamar ɗan haya da mai gida zai iya tasa in ya ga dama. Ba zargi nake ba, ya faru. A 2015 kamfanin Konami ya cire wasan gwajinsa mai suna P.T. daga shagon PlayStation, wanda ya goge nasa bai sake samun hanyar sauke shi ba. A Disamban 2023 Sony ta sanar da cewa za ta cire shirye-shiryen tashar talabijin ta Discovery daga ma'ajiyar mutanen da suka riga suka biya, sai da aka yi ca a kanta kafin ta sabunta yarjejeniyar ta fasa. Nintendo ta rufe shagon intanet na na'urorinta 3DS da Wii U a Maris 2023, Microsoft ta rufe na Xbox 360 a Yulin 2024. Abin ya kai jihar Kalifoniya ta Amurka ta yi doka a 2024 cewa dole shago ya faɗa wa mai saye a fili cewa lasisi yake karɓa, ba mallaka ba.

Amma kada ka ɗauka faifai ya tsare ka daga komai, domin faifan yau ba na jiya ba ne. Da Ubisoft ta kashe sabar wasan The Crew, wato kwamfutocin da ke riƙe da shi a intanet, a ƙarshen Maris 2024, masu faifai ma roba kawai ta rage a hannunsu, tunda wasan ba ya tashi sai da intanet. Faifan Call of Duty: Modern Warfare II na 2022 kuwa abin da ke cikinsa bai kai megabayit 100 ba, sauran duk sai ka sauke. Nintendo ma da na'urarta Switch 2 ta fito a 2025 ta zo da wasu katuna da ba wasan ne a ciki ba, mabuɗin saukewa ne. Saboda haka kafin ka biya, juya bayan kwalin ka karanta. In ka ga an rubuta cewa sai da intanet, ka san ba ka tsira daga sayen data ba.

Maganar data kuwa a wurinmu ba ƙarama ba ce. Babban wasa yakan haura gigabayit 50, wani ya wuce 100. Ka lissafa kuɗinta, ka haɗa da ɗauke wuta ana tsakiyar saukewa. Ga shi PS5 ta farko, duk da an rubuta gigabayit 825, abin da ya rage maka na ajiya wajen 667 ne, wasa kaɗan ya cika ta, ka goge, gobe ka sake saukewa. Da faifan da wasan ke cikinsa da gaske, kwafewa kawai na'urar za ta yi, sai ɗan gyaran da suke turowa. Sannan Najeriya ba ta cikin ƙasashen da PlayStation ta buɗe wa shago, shi ya sa ake buɗe asusun Amurka ko Ingila ana sayen katin kuɗi wurin dillalai da ribarsu a kai. A nan ka kiyaye: ƙarin kayan wasa da ake sayarwa daban sai yankin asusunka ya dace da yankin faifan, in ba haka ba kuɗinka ya tafi a banza.

Akwai inda nake saukewa ba tare da na yi nadama ba. Wasan da ake bugawa kullum, kamar ƙwallon EA Sports FC, sauƙi ne ka kunna ba sai ka tashi canza faifai ba, ga shi yara ba za su karce maka shi ba. Sai dai ko shi ba na saye ranar da ya fito. Ka jira rangwamen ƙarshen Nuwamba, farashinsa yakan faɗo sosai. Biyan kuɗi tun wasa bai fito ba kuwa na daina gani da amfani tun abin da ya faru da Cyberpunk 2077 a Disamban 2020, wanda ya fito da matsaloli har Sony ta cire shi daga shagonta na wasu watanni.

In kuɗin ya ƙi cika dole sai marar faifai, to ka nemi siririyar PS5 ɗin nan da ta fito a 2023, ita ana iya saya mata wurin sa faifai daban a maƙala daga baya. Ta 2020 marar faifai ba ta karɓar wannan, ka tambayi mai shago da kyau kafin ka biya.