Amsa: Shin karɓar baƙuncin manyan gasanni riba ce ga Abuja?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko Abuja ta yi asara da ba ta samu Gasar Wasannin Commonwealth (ƙasashe rainon Ingila) ta 2014 ba, wadda aka bai wa birnin Glasgow na Scotland. A ganina ba mu yi asara ba.

Ka dubi babban filin wasa na Abuja da aka gina domin gasar wasannin Afirka (All-Africa Games) ta 2003. An yi biki na makonni biyu, baƙi suka koma gida, aka bar mu da ɗawainiyar ciyawa, wuta, ruwa da masu gadi. Filin ya lalace har sai da Dangote ya sa hannu aka gyara ciyawarsa. Wannan abin yana ci mini rai, domin yaranmu a Nyanya da Kubwa kan tsakuwa suke buga ƙwallo.

Ba mu kaɗai ba ne. Birnin Montreal na Kanada ya yi Olamfik a 1976, bai gama biyan bashin ba sai 2006. A Brazil kuwa, bayan Kofin Duniya na 2014, harabar filin Brasilia ta koma wurin ajiye motocin bas.

Masu otal da 'yan tasi suna samun ciniki, ban musa ba, amma na ɗan lokaci ne. Ni dai a fara gyara ƙananan filayen unguwanni tukuna.